Dukan da Sallau Mai Faci Ya Sha

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba. Sallau ake ce masa, faci yake yi a bakin tasha, ko rumfar kirki ba shi da ita. Wata shekara ma'aikatan lafiya suka zo tashar da mutum-mutumin roba, suna koyar da abin da ake yi idan zuciyar mutum ta tsaya. Suka rataye wani akwati a ofishin 'yan kamasho, suka ce na'urar farfaɗo da zuciya ce. Direbobi suka yi ta dariya, wai gardawa na wasan 'yar tsana. Sallau dai ya durƙusa ya koya.

To ku saurara. Kai mai gyangyaɗi jikin ginshiƙi, har da kai nake.

Rannan bayan azahar, Alhaji Barmo falken albasa yana tsaye ana yi masa lodi, sai ya yanke jiki ya faɗi. Kun dai san halinmu. Aka yanyame shi, wannan na yayyafa ruwa, wancan na fifita. Ɗansa Nafi'u, saurayi majiyin ƙarfi, ya tallafi kansa yana laƙƙana masa kalmar shahada. Alhaji ya yi wata irin shaƙuwa, ya yi shiru. Wani dattijo ya ce, "Rai ya yi halinsa," ya warware rawaninsa zai rufe shi.

Sallau ya kutsa. Ya bubbuga kafaɗar Alhaji, ya kira shi, shiru. Ya dubi ƙirji, ba numfashi. Ya ce, "Kai mai jar hula, ruga ofis ka ɗauko akwatin nan! Kai kuma kira motar asibiti!" Ya ɗora hannu kan hannu a tsakiyar ƙirjin, ya shiga dannawa da ƙarfi, da sauri.

Sai aka ji ƙas! Haƙarƙari ya karye.

Nafi'u ya zabura. "Kai wane irin azzalumi ne? Gawar ubana za ka wulaƙanta?"

Sallau ya ce, "Yi haƙuri, ɗana. Ci gaba da naka, ni ma ina nawa."

Ina! Nafi'u ya cire takalmi ya hau shi da duka, a baya, a wuya, a ƙeya. Wani ya fizgi rigarsa har ta yage. Jama'a, hannun mai faci ne fa, da ya kai wa Nafi'u naushi ɗaya sai an kwashe shi. Amma ya san in ya ɗaga hannun nan don ya kare kansa, jini ya daina kaiwa kan Alhaji. Sai ya sunkuyar da kai ya bar musu bayansa. Ana duka yana dannawa, ana zagi yana dannawa. 

Akwati ya iso. Sallau ya sa mai jar hula ya liƙa abubuwan mannawa da ke cikin akwatin a ƙirjin Alhaji yadda hoto ya nuna. Na'urar ta yi magana, ta ce kowa ya ja baya. A nan ne kaɗai Sallau ya ɗaga hannu. Aka danna maɓalli, jikin Alhaji ya girgiza, Sallau ya koma dannawa. Can sai Alhaji ya yi tari, ya ja numfashi. Motar asibiti ta tafi da shi da ransa.

Bayan kwanaki Nafi'u ya zo wurin faci, ya zube yana kuka. "Baba, ka yafe mini."

Sallau ya ce, "Ubanka kake karewa, ni ma shi nake karewa. Tashi. Amma gobe ka dawo in nuna maka inda ake sa hannu."

To jama'a, haƙuri ba naɗe hannu ba ne. Haƙuri shi ne ka dage kan alheri ana dukanka a kansa. Rai na Allah ne, ba mai ja. Wani a danna masa ƙirji ya tashi, wani kwanansa ya ƙare. Amma ba a sanar da kai ajalin kowa ba, don me za ka yi saurin rufe shi? In an zo koyarwa ku je, maza da mata. Ku tambayi inda irin akwatin nan yake a kasuwarku da tasharku.

Yanzu in wani ya faɗi a sahun nan, wa zai durƙusa? Dubi na damanka, dubi na hagunka. Wataƙila ƙirjinsa ne, wataƙila naka. Allah ya sa mu dace.