Amsar Dije a Aji Biyu

Akwai wani malamin firamare a Agege mai suna Ridwanu, a shekarun nan da sojoji suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki. Haifaffen Legas ne, kakansa ma a nan aka binne shi. Yarbanci a bakinsa kamar ruwa, Turanci kuwa har da ƙari. Hausar ce dai ta tsaya a gaisuwa da cefane, kuma ba ya son a tuna masa.

Yana da aboki tun na yarinta, Audi. Gida ɗaya suka tashi, kwano ɗaya suke ci, kafin a kai Audi Haɗejiya wajen kawunsa. Da ya dawo Legas da iyalinsa, dakon albasa ya kama a kasuwar Mile 12. Shi kuwa Ridwanu ya zama ɗan kwat da takalmi sau-ciki. In sun haɗu a bakin titi, yatsu biyu yake miƙa wa Audi, idonsa na kan danfo, motar haya.

Audi bai riƙe shi a zuci ba. Ya kamo hannun 'yarsa Dije har makarantar, ya ce, "Ga 'yarka nan. Ajinka nake so a sa ta, don hankalina ya kwanta."

Wata rana hedimasta ya kawo wa aji biyu wani littafi mai hotuna. Labarin tsutsotsi biyu ne, ƙawaye, masu kiwo a ganye ɗaya. Kowacce ta shige kwansonta ta yi barci. Ɗaya ta fito da fukafukai masu launi tana yawo da rana, ɗayar ta fito ruwan toka, sai duhu ya yi take fita. Daga nan suka daina gane juna.

Ridwanu ya ɗaga littafin a rufe, ya nuna hoton bangon. "Wa zai faɗa mini sunan wannan? Da kowane yare."

Yaran Yarbawa suka ce, "Labalaba!" Wani ya faɗa da Turanci. Dije kuwa, wadda tun zuwanta ba ta taɓa ɗaga hannu ba, yau ta ga abin da ta sani. Ta miƙe tana murmushi, da ƙarfi ta ce:

"Malam buɗe littafi!"

Ajin ya kwashe da dariya. Ku da kuke karantawa kun riga kun gano. Shi fa gogan bai gano ba.

"Me kika ce?"

"Malam buɗe littafi," in ji ta, muryar ta ɗan yi ƙasa.

"Ni kike ba umarni? Jiya-jiya aka sauke ki daga motar albasa, yau ke za ki koya mini aikina?"

Ya fitar da ita tsakar makaranta, ya sa ta durƙusa a rana, hannu sama, har aka tashi. Ya ce kada ta sake taka ajinsa sai da ubanta. Wallahi jama'a, wannan wurin yana ba ni haushi duk sanda na zo kansa. Yarinya ko kuka ba ta yi ba, mamaki ne ya cika ta.

Bayan la'asar yana gida, ya ajiye littafin a kan tabarma. Mahaifiyarsa, Iya Fatsuma, tana tsintar shinkafa, ta leƙo hoton.

"Kai, malam buɗe littafi!"

Ridwanu ya zabura. "Iya, har labarin ya iso nan?"

"Wane labari kuma? Sunansa na faɗa. Ba ka ga yadda yake buɗe fukafukai yana rufewa ba, kamar mai buɗe littafi? Kana yaro kai da Audi kun sha bin su a bayan layin dogo. Kai ne dai ka manta."

Sai gumi. Ya zauna ya ba ta labari tiryan-tiryan. Iya ta ture tiren shinkafar gefe, ta dube shi sama da ƙasa.

"Ashe yarinyar gaskiya ta faɗa ka gasa ta a rana? 'Yar Audi? Tashi ka ba ni wuri. Kada ka dawo sai ka wanke wannan abin kunya."

Ya ɗauki littafin, ya hau babur ɗin okada har ƙofar ɗakin Audi, yana ta shirya maganar da zai fara da ita. Bai samu damar faɗarta ba. Audi na ganinsa ya cire hula ya tsuguna.

"Oga, ka yi haƙuri, don Allah. Da ma gobe zan zo da kaina. Ta ce sunan ƙwaro ta faɗa, na ce ƙarya take, malami kamarka ba zai hore ta a banza ba. Na yi mata faɗa sosai. Dije! Zo ki roƙi babanki gafara."

Dije ta fito, ido a kumbure, ta durƙusa a kan gwiwoyin da suka sha rana.

"Sa, na tuba. Ba zan ƙara ba."

Kunya ta rufe Ridwanu, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Mutumin da suka ci kwano ɗaya ne yake ce masa oga, ya kuma ƙaryata 'yar cikinsa saboda shi.

"Audi, tashi, don girman Allah. Ni Ridi ne, ba oga ba. Gaskiya ta faɗa. Ni ne ban san kalmar ba, kuma girman kai ya hana ni tambaya."

Audi ya miƙe tsaye. Can ya mayar da hularsa, ya ce, "Ya wuce." Amma 'yarsa yake kallo.

Ridwanu ya tsuguna gaban Dije, ya ba ta haƙuri. Don ya faranta mata, ya buɗe littafin, ya nuna mata ƙawar nan mai ruwan toka.

"To wannan fa, Dije? Yaya sunanta da Hausa? Koya mini."

Ta dubi hoton, ta dubi ubanta, ta sunkuyar da kai.

"Ban sani ba, sa."

Audi ya rako shi bakin lungu. Sai da okada ta tsaya ya yi magana.

"Faɗa-wuta ake ce mata. Ta sani, Ridi. Ita take koya wa ƙannenta. Tsoronka take ji."

Darasi: In ka ji maganar da ba ka gane ba, ka tambaya kafin ka hukunta, musamman in daga bakin yaro ta fito. Ba da haƙuri yana da kyau, amma ba kullum yake mayar da abin da girman kai ya karya ba. Ku tura wa malamai da iyaye, ko Allah zai sa wata Dije ta tsira.