Irin Geron Kirya

Sunan littafin da na karanta wannan hikaya a ciki ya kuɓuce mini, haka ma dalilin yaƙin. Tsufa ne, ku yi mini uzuri. Ga abin da ya rage.

An ruwaito cewa Sarki Jatau na Marke ya ci birnin Kirya bayan yaƙi mai tsawo. Da aka zauna sulhu, sai ya ce sharaɗinsa guda ne: a kwashe irin geron Kirya duka, har na ƙasan rumbu, don kada su sake samun ƙarfin ɗaukar mashi. A al'adar Marke kuwa, sulhu ba ya ƙulluwa sai waziri ya ɗora hannunsa kan na sarki. Waziri Nomau ya mayar da hannunsa cikin riga.

Sarki ya ce, "Waziri, ciwo hannun yake yi?"

"Lafiyarsa ƙalau, ranka ya daɗe. Fitowa ce ba zai yi ba."

"To, rawaninka zai sauka."

"Kai ka naɗa shi, zaki. Amma kafin a warware, a ba ni izinin labari ɗaya."

Aka ba shi. Ya ce, "Wani madugu ne 'yan fashi suka tare a bakin rijiya cikin hamada. Ya fi ƙarfinsu, ya kore su, ya sa aka cike rijiyar da yashi don kada su sake zama nan. Da ayarinsa ya juyo da gishiri, salkunansu sun bushe, sai ga su tsaye kan yashin da suka zuba da hannunsu. Ko raƙumi ɗaya bai kai gida ba."

Sarki ya haɗe rai. "Ni ne madugun ke nan?"

"Allah ya kiyaye. Shi ba shi da waziri. Ranka ya daɗe, in damina ta sauka Kirya ba abin shukawa, rumbunanmu za su nufo, 'ya'yanmu kuma su gaji yaƙin."

Sarki ya dubi rigar da Waziri ya ɓoye hannunsa a ciki. Can ya ce, "Me zai fito da hannun nan?"

"A shimfiɗa fatu, a zuba irinmu da nasu, a cuɗanya, a raba biyu. Daga yau kowa ya ƙona gonar wani, geronsa ya ƙona."

Haka aka yi. Hannu ya fito, rawani ya zauna, Sarki ya ƙara masa da alkyabba. Masu hankali suka gane cewa sulhu yana daɗewa ne in an bar wa wanda aka ci abin da zai shuka.

Daga baya yawona ya kai ni Kirya lokacin girbi. Na murza zangarniya biyu daga kunya ɗaya: wannan fara, wannan baƙa-baƙa. Na tambayi mai gonar ko zai ware su. Ya dube ni kamar na zagi kakansa.