Mai Farin Kaya Marar Baki

Akwai wani mai kemis a Dutsin-Ma, sunansa Maniru. Jama'a, mutumin nan ya san aikinsa, ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma fa idan ya fara magana, sai dai ka yi shiru ko ka tashi.

Shekarar da korona ta shigo, musu ya ɓarke a gari. Wasu suka ce takunkumi shi ne kariya. Wasu kuma suka koma wa robar nan mai kama da gilashi da ake ɗaurawa a goshi ta sauko har haɓa, suka ce ta fi daɗin numfashi. Maniru ya tsani robar nan. Duk wanda ya shigo kemis ɗinsa da ita sai Maniru ya yi masa dariya.

"Malam, walda za ka yi? Iska na shiga ta ƙasa, tana shiga ta gefe. Me ka rufe?"

Kuma gaskiyarsa ce, takunkumi ya fi tare numfashi. Ku riƙe wannan.

Mahaifinsa, Malam Ummaru, yana Kurfi. Shekara talatin ya yi yana aikin injin niƙa, har ƙarar injin ta cinye masa kunne. Ƙanwar Maniru, Mas'uda, ita ke kula da shi tun rasuwar mahaifiyarsu.

Ana tsakiyar kulle, kasuwa a rufe, tituna shiru kamar an kwashe mutanen, sai zazzaɓi da tari suka kwantar da tsohon. Maniru ya hau babur ya zo. Yana shiga gidan ya tarar da Mas'uda a ƙofar ɗaki da robar nan a fuska, tana yi wa Baba magana.

"Haba Mas'uda! A gidanmu ma? Cire shirmen nan!"

"Yaya, ka tsaya ka ji. Baba ba ya..."

"Ni za ki koya wa aiki? Daga yau ba mai shiga ɗakin nan sai da takunkumi."

Ta ce, "Yaya, bakin mutum yake kallo. Ba ya jin komai, wallahi."

"Yana ji mana. Ni duk sanda na ɗaga murya yana amsa mini."

Allah sarki. Shekara da shekaru Maniru yana yi wa mahaifinsa ihu, yana zaton ihun ne ke shiga, alhali leɓɓansa tsohon ke karantawa.

Daga ranar, kullum bayan azahar Maniru zai iso da farar rigar aiki, da safar hannu, da hula, da tabarau, ga farin takunkumi har ƙarƙashin ido. Zai tsaya a kan Baba ya ce da ƙarfi, "Baba sannu, ya jiki?" Ya auna zafin jikinsa, ya ba shi magani, ya fita.

Tsohon ba ya cewa uffan. Sai dai ya bi shi da ido har ya fice.

A rana ta biyar Mas'uda ta kasa jurewa. Bayan tafiyar yayanta, ta tsaya daga bakin ƙofa, nesa da gadon, ta sauke takunkuminta. Nan take fuskar Baba ta saki.

"Mas'uda, ashe kina nan." Ya rage murya. "Kina ganin mai farin kayan nan kuwa? Ko ni kaɗai ke ganin sa?"

"Wane, Baba?"

"Wanda ba shi da baki. Kullum bayan azahar yake zuwa. Ya tsaya a kaina, ya taɓa goshina, hannunsa sanyi ƙalau, ba irin fatar mutane ba. Ba ya sallama. Na san abin da ke kawo shi. Ina dai roƙon Allah ya sa ya jira Maniru ya zo, in sa masa albarka."

"Baba, ai Yaya Maniru ne!"

Tsohon ya girgiza kai a hankali. "Kada ki lallashe ni. In ɗana ne, da ya gaishe ni."

Washegari ta tare Maniru a zaure tana kuka. Ta faɗa masa komai, ta miƙa masa robar.

"Minti ɗaya, Yaya. Ka tsaya daga ƙofa, ya ga bakinka. In ka gama ka mayar da takunkuminka."

Maniru ya kalli robar, ya leƙa waje. Maƙwabta biyu na zaune a gindin bango, sun zo dubiya daga nesa, kuma Maniru ya taɓa yi wa ɗayansu dariya a kemis kan wannan robar.

"Zafin zazzaɓi ne ke sa shi surutai. In ya sauka zai gane ni. Ɗauke abin nan daga gabana."

Kai jama'a! Minti ɗaya fa aka roƙe shi.

Rana ta tara, Maniru ya shigo ɗakin kamar kullum. Gidan tsit, ko kaza ba ta motsi saboda zafin rana. Mas'uda tana madafa tana dama kunu. Ya sunkuya zai ɗora hannu a goshin Baba, sai tsohon ya kama masa wuyan hannu. Riƙo mai ƙarfi, wanda bai yi kama da na majinyaci ba.

Karon farko ke nan da ya yi masa magana.

"Bawan Allah, ka zo? To, na shirya. Na gode da ka yi ta jira na."

"Baba, ni ne! Maniru ne!"

Idon tsohon na kan farin ƙyallen da ya rufe bakin, yana neman abin karantawa, babu.

"Alfarma ɗaya nake nema. In hanyarka ta bi ta Dutsin-Ma, akwai ɗana a can, mai kemis. Ka ce masa kwana tara ina duban ƙofa. Ban san laifin da na yi masa ba da ya ƙi zuwa. Ka ce ya yafe mini."

Maniru ya kai hannu zai fizge takunkumin, igiyar ta sarƙe da ƙafar tabarau. Yana ja, yana kuka, yana kiran "Baba, Baba". Tsohon kuwa ya riga ya juyar da kai gabas, leɓɓansa na motsi da kalmar shahada.

Da takunkumin ya fita, Maniru ya zagaya ya durƙusa daidai fuskarsa.

"Baba, dube ni. Ga ni. Na zo, kullum ina zuwa."

Idanun a buɗe suke, suna kallon bakinsa sosai. Amma babu kowa a cikinsu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mas'uda ta shigo da kwanon kunu ta same shi a durƙushe, yana ta maimaita wa gawa sunansa. Ita ta rufe wa Baba ido, don shi ya kasa.

An ce har yau ba a ƙara jin Maniru yana musu da kowa ba. Idan azahar ta wuce, sai ya rufe kemis ya zauna a ciki shi kaɗai.

Darasi: Kana iya kasancewa da gaskiya kuma ka yi asarar da ba ta gyaruwa, idan girman kai ya hana ka sauraron na ƙasa da kai. Ka kare lafiyarka, ka kare ta mutane, amma kafin ka yi wa wani dariya ka tambaye shi dalilinsa. Wanda iyayensa ke raye, ya je yau ya tabbatar sun san ya zo. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai mai buƙatar jin wannan tun da sauran lokaci.