Ayarin Gaba Kaɗan

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To, ku matso kusa, mai tari kuma ya yi tarinsa tun yanzu.

Wani mutum ne ana ce da shi Tunau. Ƙarfi kamar sa, sai dai gaggawa ta yi masa yawa, irin mutanen nan ne masu cewa "to" tun ba a gama magana ba. Wata shekara fara ta cinye gonarsa ƙarƙaf, ga matarsa Tabawa da tsohon ciki. Sai ya ce zai bi ayarin fatake ya yi dako, ya dawo kafin ruwan shuka.

Tabawa ta ɗauko zanenta na saƙi, baƙi mai ratsin ja, ta raba shi biyu. Rabi ta naɗa masa gammo, rabi ta ajiye don goyo. Ta ce, "Maigida, ka dai san al'adar 'yan dako. Ba a ɗaukar kaya sai an tambayi inda za a sauke."

Ya ce, "Ke dai yi mini addu'a. Mai neman aiki ina shi ina tambaya?"

Da ya isa zango sai ya tarar ayari ya tashi tun shekaranjiya. Aka ce ya jira na gaba, ya ce shi ba ya jira. Sai ya bi sawu shi kaɗai. Ya tafi, ya tafi, gonaki suka ƙare, rugage suka ƙare, har ya shiga dajin da ko kurciya ba ta kuka.

Ran kwana uku, rana ta take tsaka, sai ya hango ayari, dogo, ba a ganin farkonsa. Ga jakuna da mangaloli, ga 'yan dako jere. Ƙararrawa na lilo a wuyan jakuna, amma ba ta ƙara. Ya duba ƙasa, ba mai inuwa. Ya ce, "Ai tsakar rana ce." Ya duba rairayi, ba sawu ko ɗaya. Ya ce, "Ai iska ce." Kun ji mai gaggawa, shi ke ba kansa amsa.

A can ƙarshen ayarin akwai wani tsoho, wuyansa ya nutse cikin kafaɗu don nauyi. Tsohon ya ce, "Samari, aiki kake nema?"

Tunau ya ce, "Shi na fito nema, Baba."

"To, karɓi."

Tunau ya ɗora gammo, ya sunkuya, ya karɓa. Tsoho ya miƙe wuya, ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya yi taku ɗaya, ya yi biyu, a na uku sai ya zube. Ba abin da ya rage sai tsumma da farin ƙashi.

Da Tunau ya ga haka, sai ya yunƙura zai jefar da kaya, kaya suka ƙi, sai ka ce tare aka haife su. Ya so ya tsaya, ƙafafu suka ƙi. Ya yi kira, "Jama'a, ina zango?"

Ba wanda ya waiwayo. Sai dai murya ta taso tun daga gaba, baki-baki, har ta iso kansa:

"Gaba kaɗan, gaba kaɗan,
Zango yana gaba kaɗan."

Sai wani jaki mai guntun kunne da ke gefensa ya ce, "Sannu da kaya, baƙo. Kada ka ɓata bakinka. Madugun ayarin nan ne wani ɗan dako ya roƙa a sauke shi ya huta, ciwo ya ci ƙarfinsa. Sau uku yana roƙo, sau uku madugu na cewa gaba kaɗan. Mutumin ya mutu da kaya a ka, amma sai da ya yi wa ayarin baki. Tun ranar rana ba ta gusa mana ba."

Tunau ya ce, "Ba mafita?"

Jaki ya ce, "Ɗaya ce. Ka sami wanda zai karɓa bai tambayi inda za a sauke ba. In ya tambaya, shi ke nan, ya tsira."

Aka yi ta tafiya. Ba yunwa, ba barci, ba magariba, sai nauyi. Tunau ba abin da yake tunani sai Tabawa da ruwan shuka.

Sai ga wani maƙeri ya fito cin rani. Tunau ya ce, "Ga aiki, karɓi." Maƙeri ya ce, "Ina za a sauke?" Sai maƙeri ya ga wayam, ba ayari ba dalilinsa, ya ranta a na kare.

Aka yi ta tafiya. Sai ga wani majemi. Tunau ya sassauta murya ya ce, "Ɗan'uwa, riƙe mini in gyara gammo." Majemi ya ce, "In riƙe zuwa ina?" Shi ma ya tsira.

Jaki ya ce, "Yi ƙoƙari dai. Kai ba ka daɗe kamar tsohon nan ba. In ka sauke yanzu, da ƙafarka za ka isa gida."

Aka yi ta tafiya. Sai ga wani ƙaƙƙarfan mutum yana sauri, gumi na zuba. Tun daga nesa ya ce, "Salamu alaikum! Baba, aiki nake nema. Kawo in karɓe ka."

Daɗi ya kama Tunau. Mutumin ya zaro gammo ya ɗora a ka, ya sunkuya. Sai idon Tunau ya faɗa kan gammon. Saƙi ne, baƙi mai ratsin ja, ya koɗe don tsufa.

Ya ce, "Ina ka sami wannan?"

"Zanen goyona ne. Innata ta naɗa mini."

"Wa sunanka?"

"Audi."

Kun dai san wanda ake sa wa Audi, yaron da aka haifa bayan ubansa ya rasu. Nan Tunau ya gane tsakar ranar nan tasa ta cinye shekara talatin, kuma a gida an daɗe da yi masa sadaka.

Jaki ya raɗa masa, "Miƙa masa mana! Ga gida, ga Tabawa."

Audi ya ce, "Baba, yi sauri, ayari na wucewa."

Tunau ya kai hannu jikin kaya. Wallahi ya so ya miƙa, wuyansa kamar zai karye. Sai ya daka masa tsawa, hawaye na zuba: "Kai, ɗan gaggawa! Uwarka ba ta koya maka tambaya ba?"

Audi ya ji kunya, ya sosa ƙeya. Ya ce, "Ta koya mini. Baba, ina za a sauke?"

Tunau ya ce, "Ba a saukewa, ɗana. Koma gida ka yi shuka. Ka ce wa Tabawa gammonta bai kwance ba."

Audi ya ɗaga kai, bai ga kowa ba sai daji. Tunau kuwa yana ganinsa, yana waige yana kallonsa, har ƙafafu suka ja shi gaba.

Jaki ya ce, "Sannu da kaya." Wannan karon ba da ba'a ya faɗa ba.

Har yau, in tsakar rana ta riske ka a dajin da ba tsuntsu, za ka ji wata murya a bayanka tana cewa, "Tambaya! Tambaya!" Tunau ne, yana korar mutane daga kayansa. Don haka, kome matsuwarka, kada ka miƙa kai sai ka ji inda za a sauke.

Ƙurunƙus! Ni dai na sauke tawa a nan.