Kocin Da Ya Sauke Hannunsa

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum mai horar da ɗalibai ƙwallon kwando a wata kwaleji. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana raye, kuma da bakinsa ya ba ni labarin nan yana kuka. Koci ake ce masa, mu ma haka za mu kira shi.

Na ga wasu dattawa sun fara kallona, wai yau malam ƙwallo ya kawo mana. Ku yi haƙuri ku saurara. Ni ma da za a ba ni ƙwallon nan in jefa sau ɗari, ba na jin ko ɗaya za ta shiga. Amma abu ɗaya nake so ku riƙe game da wasan. Idan ana cikin bugawa, koci yana da damar tsayar da wasa na ɗan lokaci. Zai ɗaga hannuwansa ya yi wa alƙalin wasa alama, a busa usur, 'yan wasa su zo su zauna, su sha ruwa, a canja wanda ya gaji. Hutun nan ƙidayayye ne, sau kaɗan ake ba kowane koci. Shi ya sa gwanaye suke adana shi sai ƙarshen wasa, lokacin da maki ya yi kusa da juna, ƙafafu sun yi nauyi, kai ya ɗauki zafi. Sanin lokacin neman hutun nan shi ne rabin sana'ar.

Mutumin nan ya iya, wannan ba a musu. Amma ba daga sama ya faɗo da iyawar ba. Akwai wani tsoho da ya koya masa wasan tun bai san dama da hagu ba. Da tsufa ya kama shi, sai ya sauka ya bar wa Koci kujerar, shi kuma ya koma mataimakinsa. Yana zama a ƙarshen benci da ɗan littafinsa da fensir a bayan kunne. Duk 'yan wasa Baba suke ce masa. Idan wasa ya yi zafi, yakan matso ya ja gefen rigar Koci ya ce a hankali, "Ɗana, ka tsayar haka." Koci ya tsayar. Shekara takwas suna haka, suna cin wasa.

To, ina Shaiɗan ya sami ƙofa? A ofishin malamai, wajen shan shayi. Wani malami mai surutu ya ce, "Ai Koci hannu ne kawai, kan yana ƙarshen benci." Aka yi dariya, shi ma ya yi. Wanda ya faɗa kafin ya gama shayinsa ya manta. Koci kuwa ya tafi da maganar gida, ya ci abinci da ita, ya tashi da ita.

Daga ranar, duk abin da Baba ya ce, sai ya nemi hanyar kauce masa. In ya ce a tsayar, sai ya bari a ƙara minti ɗaya, don kowa ya ga ba da umarnin tsoho ya yi ba. Baba ya lura. Ya dai rage jan riga.

A cikin 'yan wasan akwai wani saurayi ɗan ajin ƙarshe, ana ce masa Bahago saboda da hagu yake jefa ƙwallo. Shekararsa ashirin da biyu. Yayarsa ce ta raine shi bayan rasuwar iyayensu, kuma ba ta taɓa fashin zuwa kallonsa ba, ko da yake ba ta gane dokokin wasan, tafinta kawai take yi duk sanda ya taɓa ƙwallo. Wata babbar ƙungiya ta riga ta aiko masa da takarda, ya zo gwaji bayan jarrabawa. Bahago yana son Koci kamar uba. In Koci ya ce ya yi gudu sau ashirin, talatin yake yi.

Ranar wasan ƙarshe na gasar ta zo, da yamma bayan la'asar. Zauren ya cika har bakin ƙofa, fankoki suna juyawa amma gumi kowa yake yi. Saura minti biyu a tashi, 'yan Koci suna gaba da maki uku, kuma yana da hutu biyu a hannunsa bai taɓa ba.

Sai Bahago ya yi tsalle ya sauko a karkace. Bai faɗi ba. Da ya faɗi, alƙali da kansa zai tsayar da wasa. Ya cije, ya ci gaba da gudu, amma ƙafar dama ba ta taka ƙasa daidai. Mutanen da ke ihu ba su gani ba. Koci ya gani. Shekara nawa yana kallon gwiwoyin 'yan wasa? Ya san gwiwar da ta fara tsagewa, ya san in aka zaunar da mai ita nan take za ta warke cikin 'yan makonni.

Ƙwallo tana hannun 'yan wasansa, babu abin da ya hana shi. Ya ɗaga hannuwansa, har sun kai ƙirji.

A daidai lokacin Baba ya taso. Wannan karon bai ja riga ba, don hankalinsa ya tashi. Da ƙarfi ya ce, kowa a benci ya ji, "Ɗana, ka tsayar! Gwiwar yaron nan!"

Ya 'yan uwa, sai Koci ya sauke hannunsa. Ya gyara wuyan rigarsa kamar da ma abin da ya ɗaga hannun ya yi ke nan. Ya ce a ransa, bari a ƙara zagaye ɗaya, sai in tsayar da kaina.

Zagaye ɗaya, daƙiƙa ashirin bai kai ba. Bahago ya karɓi ƙwallo, ya keta mutum biyu, ya taka da ƙafar nan ya tashi sama. Ƙwallo ta shiga. Shi kuma ya sauko, waɗanda ke kusa suka ji ƙarar gwiwar kamar an karya ɗanyen ice. Yayarsa tana tsaye tana tafi. Ta daɗe tana tafawa kafin ta gane cewa ƙanenta ba zai tashi ba.

Kun san abin da ya fi ba ni tausayi? Sun ci wasan. Aka ɗaga Koci sama, aka ba shi kofi, aka ɗauki hoto. Hutu ɗaya ma bai nema ba har aka tashi. Me zai yi da hutun nan biyu yanzu? Ana kai su gida ne? Ana ajiye su don baɗi?

Bayan an watse, Baba ya shiga ɗakin canja kaya. Ya ajiye littafinsa da fensirin a kan tebur, ya dubi Koci ya ce, "Na ga hannunka." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai sake taka kwalejin ba, bai kuma gaya wa kowa ba. Koci ya yi ta cewa zai je ya same shi in abubuwa sun lafa. Abubuwa ba su lafa ba sai da aka aiko masa da sanarwar jana'izar Baba.

An yi wa Bahago aiki sau uku, ƙafar ba ta koma ba. Koci ya je asibiti sau ɗaya, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce Allah ya sawwaƙe, ya juya.

Daga nan sana'ar ta fita daga hannunsa. Ba wanda ya yi masa komai, shi ne ya kasa kallon wasa. Ɗan wasa ya yi tuntuɓe kaɗan, sai ya yi zumbur ya nemi hutu. Wani ya sosa gwiwa, hutu. Kafin a kai rabin wasa ya ƙarar da duka. In ƙarshe ya zo, lokacin da ake buƙata, sai ya tsaya hannu wofi yana kallo ana cinye su. 'Yan kallo suka mayar da shi abin dariya, ko tari wani ya yi a zaure sai ka ji an ce, "Koci, a tsayar!" Shekara biyu aka yi haƙuri da shi, a ta uku aka sallame shi. A gida ya zama mutum marar magana. Matarsa ta tambaya har ta gaji, 'ya'yansa suka koyi wucewa ta gefensa a hankali.

Bayan shekara tara, makullin ƙofarsa ya karye, ya shiga wani ɗan shago a bayan tashar mota don a yanka masa sabo. Shagon bai fi faɗin tabarma biyu ba, makullai a rataye jere a jikin katako, ga injin yana ƙara. Mai shagon ya ɗago kai, ya kashe injin, ya laluba sandarsa ya miƙe da ƙyar.

"Koci! Wallahi Koci ne! Koci, zauna, zauna a nan."

Bahago ne. Ya goge kujera da hannun rigarsa, ya aika a sayo lemo, ya leƙa ya kira maƙwabcinsa mai gyaran rediyo yana cewa, "Zo ka ga mutumin da nake ba ka labari." Koci ya zauna. Da ƙyar ya ce, "Ya ƙafar?"

"Ƙafa ta gode Allah. In za a yi ruwa ita ke fara sanar da ni, na fi rediyon wannan iya hasashe." Ya yi dariya, sannan ya sassauta murya. "Koci, na ji abin da ya same ka a wajen aiki, na san saboda ni ne. Don Allah ka cire abin nan a ranka. Yayata ta yi shekaru tana fushi da kai, kullum ina ce mata, Yaya, bai gani ba. Ni na ɓoye ciwon. Mutumin nan da ya gani, ko da za a cinye mu da maki hamsin sai ya tsayar. Ni na san shi."

Ya yanka makullin, ya ƙi karɓar komai, ya rako shi har bakin titi yana ɗingishi.

Daga can Koci ya zo wurina. Ya ce, "Malam, ya yafe mini laifin da ba shi na yi ba. Wanda na yi, bai ma san da shi ba." Na ce ya koma ya faɗa masa gaskiya. Ya ce in ya faɗa, zai karya masa abin da ya rage bai karye ba. Na ce duk da haka haƙƙinsa ne, shi zai zaɓa ya yafe ko ya riƙe. Ya ce to, zai je. Sau huɗu yana zuwa bakin layin, ya hango shi a sunkuye kan injin, ya juyo. Har yau da nake muku maganar nan bai shiga ba.

Ya 'yan uwa, mutumin nan bai yi sata ba, bai sha giya ba, bai bar salla ba. Gaskiya ce ta zo masa, gaskiyar da shi kansa ya riga ya gani, sai ya ƙi ta don ta fito daga bakin wani. Wannan shi ne girman kai. Ku duba gidajenku. Sau nawa ka yi niyyar yin daidai, matarka ta riga ka faɗa, sai ka fasa? Sau nawa ƙanenka ya ce "Yaya, a dakata," ka ƙara wuta don kada a ce shi ya juya ka? Kai kana kare sunanka, wani bawan Allah da ya amince da kai shi zai ɗauki raunin har ƙarshen rayuwarsa.

In gaskiya ta zo, ku karɓa a lokacinta, ko daga bakin wa ta fito. In kun cuci wani, ku je yau, tun ƙafarku tana iya kai ku kuma shi yana nan.

Allah ya kiyaye mu daga girman kai, ya kiyaye waɗanda ke ƙarƙashinmu daga sharrin zukatanmu. Wannan bawa nasa kuma, ku taya ni roƙa masa, Allah ya ba shi ƙarfin shiga shagon nan kafin a rufe shi. Amin.