Barewa da Sawun Hankaka

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso!

Ta zo mu ji ta!

Shekarar da Giwa da Ɓauna suka nemi sarautar dawa, Barewa tana bayan Giwa, ba ta sauraron kowa sai Hankaka, maroƙin Giwa. Kullum shelarsa ɗaya ce: "Ɓauna ta zuba guba a tafkinta!"

Da rani tafkin Giwa ya ƙafe, ƙishirwa ta galabaitar da 'ya'yan Barewa. Ta kai kuka wurin tsohuwar Bushiya.

Bushiya ta ce, "'Yar nan, kin ga gubar da idonki?"

"A'a, Iya, Hankaka ne ya faɗa."

"To, zauna ki koyi karatun sawu. Laka ba ta goyon bayan kowa."

Barewa ta dage har ta iya, ta nufi tafkin Ɓauna. Ga sawun Zomo, ya sha ya koma lafiya. Ga na Hankaka kuma, sabo fil, har bakin ruwa!

Ta yi ajiyar zuciya, ta kawo 'ya'yanta suka sha suka ƙoshi.

Washegari Hankaka ya soma, "Jama'a, guba..."

Barewa ta ce, "Malam, wanke lakar ƙafarka tukuna."

Ƙurunƙus, kan ɓera ya faɗa tafki!