Allon Kamfanin Gizo

"Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya gyara zama."

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

Wata shekara Zaki ya sa aka yi shela a daji cewa hukuma za ta raba tallafin taki, amma sai ga mai kamfanin noma. Labari ya kai wa Zabuwa da Kurege da Gara. Gonaki kam suna da su, sai dai duk sun gaji, in ba taki bana sai yunwa. Kamfani kuwa ko a mafarki.

Shi kuma Gizo, bai san ta inda ake riƙe fartanya ba. Ya samo katako ya rubuta: "Kamfanin Noma na Gizo da 'Ya'yansa." Ko ɗa ɗaya ba shi da shi.

Malamin gonar da aka turo Kunkuru ne, kun dai san tafiyarsa. Gizo ya riga shi zuwa gonar Zabuwa ya kafa allo.

Kunkuru ya ce, "Gonar wa?"

"Ranka ya daɗe, karanta."

Zabuwa ta ce, "Malam, a wajen ubana fa na gaje ta!"

"Baiwar Allah, ni allo aka ce in duba."

Gizo ya tuge allo ya ruga gonar Kurege. Kurege ya yi rantsuwa har muryarsa ta dushe, amsar dai ita ce. Da aka zo gonar Gara, ita ba ta yi gardama ba. Ta shinshina allon, ta ce, "Gizo, wannan wane icce ne?"

Aka ba Gizo takin gonaki uku. Ya ɗaura niyyar kai shi kasuwa, sai Kunkuru ya ce, "Doka ta ce in zauna sai na ga kamfani ya zuba taki, ya yi noma."

Dole Gizo ya fasa zuwa kasuwa. Ya je neman gayya, ya tarar da masu gonakin a gindin tsamiya sun miƙe ƙafa.

Kurege ya ce, "Ai gonar kamfani ce. Kira 'ya'yanka."

Haka Gizo ya zuba taki, ya yi noman fari, ya yi maimai, shi kaɗai, allo a kafaɗa daga wannan gona zuwa waccan. Duƙon wannan daminar ne ya tsuke masa ƙugu har yau. Ni dai ban ji tausayinsa ba.

Gero ya yi kyau, zangarniya kamar damtse. Ana gobe girbi, gajiya ta sa Gizo ya bar allon a gonar Gara. Da safe ya dawo da Kunkuru don a danƙa masa amfanin gonakin, suka tarar ba allo, sai ɗan tulin garin katako. Gara na gefe tana sakace.

Kunkuru ya ce, "Ina kamfanin?"

"Haba, ranka ya daɗe! Ni ne fa! Wata huɗu muna tare!"

"Fuskar kam kamar na san ta. Amma ni allo aka ce in duba."

Kowa ya kwashe geronsa ya cika rumbu. Zabuwa ta ce, "Sannu da aiki, kamfani. Baɗi ma muna jira."

To, jikokina, duk wanda ya yi ƙarya don ya ci rabon wani, ƙaryar ce za ta sa shi aiki, kuma ba lada.

Ƙungurus kan kusu, ta ƙare a nan, kowa ya tashi.